Asusun ma'aikata na rikicewa tsakanin manhajoji bayan haɗe kamfanoni biyu, daga ina matsalar take?

mai_kula_da_asusu ya rubuta:

Assalamu alaikum malamai. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar haɗa tsarin shiga na ma'aikata da manhajojin aiki.

Ga yadda abin yake a shimfiɗe. Bayanan ma'aikaci suna farawa ne daga manhajar sashen ma'aikata, a sauke su kullum da dare a fayil ɗin CSV (tebur ne a rubutu zalla), sai wata 'yar manhaja ta karanta ta buɗe asusu a Active Directory, rumbun asusun ma'aikata na cikin kamfani. Daga nan manhajar daidaitawa ta Entra Connect ta tura su Entra ID, rumbun asusu na Microsoft da ke kan intanet. Manhajojin waje, irin ta kula da abokan ciniki da ta neman hutu, ana shigarsu ta SAML, tsarin da Entra ID ke shaida wa manhaja ko wane ne mai shiga, kuma SCIM, tsarin tura bayanan asusu, shi ne ke buɗe musu asusu a can. An haɗe da wani kamfani mai nasa Active Directory daban, yanzu ana kwaso mutanensu zuwa namu kashi-kashi.

Abubuwa uku ne ke faruwa. Na farko, duk wanda aka canza wa adireshin imel, ko don ya gyara suna ko don an mayar da shi sabon domen (sunan da ke bayan alamar @), idan ya shiga manhajar abokan ciniki sai ya tarar da sabon asusu fayau, babu komai a ciki, tsohon kuma yana nan da duk aikinsa amma ba ya iya kai wa gare shi. Na biyu ya fi tayar da hankali: wani sabon ma'aikaci da aka ba adireshin da wani ya taɓa riƙewa, yana shiga sai ya faɗa asusun wancan da ya bar aiki, har da izininsa. Na uku, rajistar SCIM ta cika da kuskuren 409 (wato an yi karo da asusun da ke nan), Entra Connect kuma yana kawo kuskuren InvalidSoftMatch a kan wasu daga cikin waɗanda aka kwaso.

Matsala ɗaya ce mai fuska uku, ko kowacce daban take? Kuma idan za a gyara, da wanne za a fara don kada a rufe wa mutane ƙofa ranar aiki?

tsohon_hannu ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Na farko da na biyu uwarsu ɗaya. Manhajar can tana gane mutum ne da imel ɗinsa, imel kuwa abu ne mai canzawa, kuma ana sake ba wani shi. Idan ya canza, manhajar ta ɗauka baƙo ne ta buɗe masa sabon asusu. Idan aka sake ba wani, ta ɗauka tsohon mai shi ne ya dawo. Ba ta yi kuskure ba, abin da aka ce ta yi ke nan.

Kowane tsari yana bukatar turke, wato lamba ɗaya da ake ɗaure asusun mutum a jikinta, kamar yadda ake ɗaure dabba. Sharuɗɗan turke uku ne: ba ya canzawa muddin mutumin yana nan, ba a sake ba wani shi ko bayan ya tafi, kuma ba ya ɗauke da wata ma'ana da wani zai so ya gyara wata rana. Ka auna guraben bayanan da ke jikin asusu da wannan. mail (imel) da userPrincipalName (sunan shiga mai kama da imel) sun faɗi a sharaɗi na ɗaya da na biyu. sAMAccountName, gajeren sunan shiga, ma haka, ga shi kuma baƙaƙe 20 kawai yake ɗauka, don haka masu dogon suna iri ɗaya suna karo da juna bayan an datse. distinguishedName, mai nuna inda asusu yake a Active Directory, yana canzawa da zarar an matsar da mutum daga wani sashe zuwa wani. objectSid, lambar tsaro ta asusu, yana canzawa idan aka kai mutum wani domen, wato wani yanki na Active Directory. Abin da ya rage shi ne objectGUID a Active Directory, da lambar objectId a Entra ID, da lambar da sashen ma'aikata ke bayarwa idan ana riƙe ta da kyau.

Kafin ka taɓa komai, ka tabbatar da idonka. Sa SAML-tracer, 'yar manhajar da ke nuna saƙonnin SAML, a burawuza, a shiga da asusun gwaji, ka buɗe amsar SAML ɗin ka dubi NameID, gurbin da ake gane mutum da shi, da Format ɗinsa, wato nau'insa. Idan ka ga emailAddress da adireshi a ciki, to zancen ya tabbata. Entra ID kan sa userPrincipalName a wannan gurbin idan ba a canza ba. Idan kuwa ka ga transient, wannan wata cuta ce daban, domin lambar tana sabuntuwa a kowace shiga, ba a ɗaure asusu da ita ko kaɗan. Wanda ake so shi ne persistent, da lamba mai zama ɗaya a ciki. Kada ka liƙa mana amsar SAML ta gaske a nan, tikitin shiga ne, wani zai iya amfani da shi kafin wa'adinsa ya ƙare.

Inda mutane ke ƙona hannu shi ne su je su canza NameID kai tsaye. Ka yi haka da safe, kafin azahar kowa ya zama baƙo a manhajar, domin asusun da ke can duk da imel aka san su. Tsarin da ya dace ga shi.

Da farko ka kashe buɗe asusu ta atomatik a lokacin shigar farko. Tunda SCIM na buɗe asusu, babu dalilin barin ƙofa ta biyu, kuma ita ce ke haifar da asusun fayau ɗin nan. Da ka kashe ta, wanda bai dace da kowane asusu ba zai ga saƙon kuskure ya kira ku, kuma hakan ya fi ya yi mako yana aiki a asusun da za a goge.

Sannan ka fitar da jerin asusu daga ɓangarori biyu, ka haɗa su a tebur ɗaya: turken mutum, imel ɗinsa na yanzu, tsofaffin adireshinsa daga proxyAddresses, lambar asusunsa a manhajar can, ranar da aka buɗe shi, da ranar shiga ta ƙarshe. Jerin zai rabu gida huɗu. Masu asusu ɗaya da ya dace, waɗannan babu magana. Masu asusu biyu, su ne 'yan matsalarka ta farko. Asusun da babu mai shi. Sai asusun da ranar buɗe shi ta girmi ranar da aka ɗauki mai riƙe da shi aiki, su ne 'yan matsala ta biyu, kuma da su za ka fara yau ɗin nan, domin mutum ne zaune da izinin da ba nasa ba. Gida na biyu da na huɗu mutum ne zai zauna ya duba su ɗaya bayan ɗaya tare da shugaban sashe. Kada ka bar wa 'yar manhaja hukuncin wane asusu ne na gaske.

Bayan nan ka cika sabon turken a gurbin da manhajar ta tanada don wannan aiki. A Salesforce, manhajar kula da abokan ciniki, misali, Federation ID ake kiransa, kuma a asalinsa yana bambanta manyan baƙaƙe da ƙanana, don haka ka tsayar da salo ɗaya. Sai bayan gurbin ya cika ga kowa ne za ka juya saitin ɓangarorin biyu a lokaci guda, ka fara da manhajar gwaji idan akwai, ka kuma ajiye asusun shugaban manhajar guda ɗaya mai shiga da kalmar sirri ba ta SAML ba, don idan abu ya lalace kana da hanyar komawa.

yar_sabar ta amsa:

Abin da tsohon_hannu ya faɗa a sama daidai ne, ni zan tsaya kan InvalidSoftMatch, domin ita tushenta daban.

Entra Connect yana gane mutum ta hanya biyu. Ta farko ita ce mai ƙarfi: ya ɗauki turken da ke Active Directory ya kwatanta da gurbin onPremisesImmutableId a gajimare, wato a Entra ID. Idan bai sami kowa ba sai ya koma ta biyu, ya nema da babban adireshin imel ko userPrincipalName. InvalidSoftMatch na nufin hanya ta biyu ta samo asusu, amma asusun ya riga ya ɗauru da wani turke daban, don haka ya ƙi haɗawa. Kuma gara da ya ƙi.

Dalilin da ya sa waɗanda aka kwaso ne kawai abin ke kamawa: objectGUID ba ya canzawa a cikin Active Directory ɗaya ko da an matsar da mutum tsakanin domen da domen, amma kwaso mutum daga wani Active Directory mai zaman kansa sabon asusu ake ƙirƙira, da sabon objectGUID. Mutum ɗaya, imel ɗaya, turke biyu. Don haka ne ake amfani da mS-DS-ConsistencyGuid a matsayin turke, saboda gurbi ne da ake iya rubutawa a ciki. Ka duba saitin Entra Connect ka ga wanne aka zaɓa. Idan shi ne, gyaran shi ne ka kwafo abin da ke gurbin a tsohon asusu ka zuba a sabon, ka fitar da tsohon daga cikin waɗanda ake daidaitawa, sannan ka shigar da sabon. Kada su biyun su kasance a ciki da lamba ɗaya a zagaye ɗaya. Zagayen yana gudana duk minti 30, don haka ka dakatar da shi yayin da kake aikin. Ga kashin da ba a kwaso ba tukuna, a sa kwafar wannan gurbi cikin matakan kwasowa tun farko, matsalar ba za ta taso ba.

Idan asusun gajimare ya goge a tsakani, kada hankalinka ya tashi, yana zama kwana 30 a ma'ajiyar waɗanda aka goge, kuma idan turken ya dace ana dawo da shi da akwatin imel ɗinsa. Abin da za ka kiyaye shi ne buɗe sabo da adireshi ɗaya kafin ka dawo da tsohon.

Wani tarko da ke cin masu rubuta 'yar manhaja da kansu shi ne yadda ake mayar da GUID, wato lambar turken, zuwa Base64, salon rubutun da ake ajiye ta da shi a onPremisesImmutableId. GUID bait 16 ne (bait ma'aunin bayanan kwamfuta ne), kuma yadda ake nuna shi a rubuce ba haka yake a ajiye ba: kashi uku na farko a juye suke. Bait ɗin da aka ajiye 01 02 03 04 05 06 07 08 za su fito a rubuce 04030201-0605-0807, ragowar takwas ɗin kuma su tafi yadda suke. Wanda ya cire layukan tsakiya ya karanta baƙaƙen a jere zai sami lamba mai kama da daidai wadda ba ta dace da komai ba. A PowerShell, manhajar rubuta umarni ta Microsoft, ka yi amfani da ToByteArray kafin ToBase64String. Sakamako na gaskiya baƙaƙe 24 ne, yana ƙarewa da alamar == guda biyu a haɗe. Idan ka ga baƙaƙe 48, to rubutun GUID ɗin mai baƙaƙe 36 aka mayar, ba bait ɗinsa ba.

mai_kula_da_asusu ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Na duba, NameID ɗin userPrincipalName ne da Format na emailAddress, kamar yadda aka ce. Turken Entra Connect kuma mS-DS-ConsistencyGuid ne, amma ba a kwafo shi ba wajen kwasowa. To tambaya biyu sun rage. Shin in ɗauki lambar ma'aikaci a matsayin turke ga dukkan manhajojin, tunda daga can komai ke farawa? Sannan 409 ɗin fa? Na ɗauki mutum ɗaya na gwada, rajistar ta nuna an neme shi ba a same shi ba, da aka zo buɗewa kuma aka ce yana nan.

mai_hada_tsari ya amsa:

Malam, 409 ɗin da ka kwatanta sanannen abu ne. A SCIM 2.0, wanda takardun ƙa'ida RFC 7643 da 7644 na shekarar 2015 suka fayyace, mai turawa yakan fara tambaya, misali GET /Users?filter=userName eq "wane@kamfani.example". Idan amsa ta zo totalResults 0, wato ba a sami kowa ba, sai ya aika umarnin POST don buɗewa. Idan POST ya dawo da 409 da scimType uniqueness, to tambayar da dokar hana maimaici ba abu ɗaya suke kallo ba. Abubuwa uku na fi zargi, a jere. Ko dai akwai asusun da aka kashe, active ɗinsa false, yana riƙe da sunan, kuma manhajar ba ta nuna kashaffun asusu a amsar tambaya. Ko kuma ana nema da userName alhali karon a emails yake faruwa. Ko kuma manhajar tana bambanta manyan baƙaƙe da ƙanana wajen nema, duk da ƙa'idar ta ce userName ba a bambanta masa, externalId, gurbin lambar da mai turawa ke bayarwa, shi ne ake bambantawa. Ka aika tambayar da hannunka sau uku: yadda take, da ƙananan baƙaƙe zalla, sannan a kan emails. Ka kuma nemi sunan a shafin shugaban manhajar tare da kashaffun asusu. Ɗaya daga ciki zai fito da shi. Don gwaji ka yi amfani da turawa ta mutum ɗaya nan take, kada ka zauna jiran zagayen da ke zuwa kusan duk minti 40.

Ka sani kuma, da zarar Entra ID ya haɗa mutum da wani asusu, yana ajiye id ɗin da manhajar ta ba shi, ya ci gaba da aika PATCH, wato umarnin gyara, can. Canza gurbin da ake kwatantawa da shi ba ya kwance tsohon haɗin da ya karkace. Sai an sake tayar da aikin ta Microsoft Graph, hanyar aika wa Entra ID umarni kai tsaye, da zaɓin resetScope Full. Kada ka yi wannan sai externalId ya cika daidai a can, in ba haka ba za ka ninka asusun da kake ƙoƙarin ragewa.

Batun lambar ma'aikaci kuwa, ina da ja a kai. Tana da kyau wajen haɗa sashen ma'aikata da Active Directory, amma ban yarda a miƙa ta ga kowace manhaja ido rufe ba. Kamfanoni biyu aka haɗe, kowanne da jerin lambobinsa, babu abin da zai hana 1045 ta kasance a duka biyun, mutum biyu daban. Sai an sa alamar kamfani a gaba, kamar A-1045 da B-1045. 'Yan kwangila da masu neman sanin makamar aiki sau da yawa ba su da lamba sam, kuma gurbin da babu komai a ciki ya fi kowane haɗari, domin wasu 'yan manhajoji suna ɗaukar fanko da fanko a matsayin sun dace. Wanda ya bar aiki ya dawo, wasu wuraren sabuwar lamba suke ba shi. Ka tambayi sashen ma'aikata ko suna da lambar mutum daban da lambar ɗaukar aiki. SuccessFactors, manhajar sashen ma'aikata, misali, ya raba su, personIdExternal na mutum ne. Ta mutum ake so.

Sai fayil ɗin CSV ɗin nan. A manhajar ma'aikata ta kamfanin SAP lambar ma'aikaci lambobi 8 ce da sifiri a gaba, 00001045. Da wani ya buɗe fayil ɗin a Excel ya adana, ta koma 1045, kuma ga kwamfuta waɗannan abubuwa biyu ne daban. Excel kuma ba ya riƙe lambobi fiye da 15 daidai, abin da ya wuce nan sifiri yake mayar da shi. Ka buɗe fayil ɗin da manhajar rubutu zalla ka ƙirga tsawon gurbin, ka nemi fili a ƙarshen lamba wanda ido ba ya gani. Teburin da aka ce ka haɗa ma ka kula da shi: VLOOKUP, umarnin nema a Excel, ba ya bambanta manyan baƙaƙe da ƙanana, lambar asusu ta Salesforce mai baƙaƙe 15 kuwa tana bambantawa, don haka ka fitar da mai 18.

Ni a ganina, lambar mutum daga sashen ma'aikata ta tsaya tsakaninsu da Active Directory. Daga Entra ID zuwa manhajojin waje kuma a ba su objectId, a NameID da externalId duka.

mai_tsaron_bayanai ta amsa:

Ƙari kaɗan, Malam, tunda akwai yiwuwar wasu manhajojinku da OpenID Connect, wani tsarin shiga daban, suke shiga ba SAML ba. Ƙa'idarsa ta faɗa ƙarara cewa iss (mai bayar da tikitin shiga) da sub (lambar mutumin) a haɗe su ne kaɗai abin dogaro wajen gane mutum, email ba ya cikinsu. Amma a Entra ID sub ya bambanta daga manhaja zuwa manhaja ga mutum ɗaya. Idan manhajoji biyu za su yi musayar bayani a kan mutum, da sub ba za su taɓa dacewa ba, oid (objectId na mutum) tare da tid (lambar Entra ID na kamfani) za a ɗauka. Haka nan idan aka goge rajistar manhaja aka sake yi, sub na kowa ya canza. Haɗarin dogaro da email ba zato ba ne: a shekarar 2023 kamfanin Descope ya bayyana raunin da aka kira nOAuth, inda mai iko da wani Entra ID daban zai rubuta adireshin wani a asusunsa, ya shiga manhajar da ke haɗa asusu da email a matsayin wancan mutumin.

Game da matsala ta biyu, gyaran turke kaɗai bai isa ba. Ka binciki rajistar shiga ta kowane asusu da aka gada, ka ga abin da aka buɗe ko aka sauke tun ranar da sabon mutumin ya fara shiga, ka kai wa masu kula da sirrin bayanai rahoto idan akwai bayanan abokan ciniki a ciki. Sannan 'yar manhajar da ke ƙirƙirar adireshi ta riƙa duba jerin duk adireshin da aka taɓa bayarwa, ba masu rai kaɗai ba. Tebur ne mai gurbi uku, adireshi, turken mai shi, da ranar da aka bayar, kuma ba a goge layi daga cikinsa. Lokacin sallamar ma'aikaci kuma, a canza userName da imel ɗinsa a manhajojin waje zuwa wani abu mai ɗauke da turkensa kafin a kashe asusun, a tabbatar canjin ya isa can, sannan a cire shi daga waɗanda SCIM ke kula da su. Idan aka fara cire shi, canjin ba zai ƙara tafiya ba, kashaffen asusun zai ci gaba da riƙe sunan, 409 ɗin kuma ta dawo ranar da aka ɗauki mai suna irin nasa.